Brownie McGhee: Makaɗin Jita a Tsakanin Waƙa da Wasan Kwaikwayo

Gabatarwa

A cikin shekarar 1941 kamfanin OKeh, mai buga fayafayen garmaho a Amurka, ya fitar da wasu waƙoƙi na wani saurayi ɗan shekara 25, aka haɗa sunansa da wani laƙabi, wai shi Blind Boy Fuller na Biyu. Kashin farko na laƙabin nan ma'anarsa makahon yaro. To, saurayin nan idanunsa garau suke, kuma ba shi da wata dangantaka ta jini da Fuller. Sunansa na yanka Walter Brown McGhee, duniya kuwa ta san shi da Brownie McGhee. Fuller na ainihi ya rasu a watan Fabrairu na wannan shekara, alhali fayafayensa suna cikin tashe, saboda haka 'yan kasuwa suka nemi wanda za su sa wa rigarsa don kada ciniki ya tsaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin rayuwar McGhee, ta kuma nuna cewa irin abin da ya same shi a 1941 bai daina samunsa ba har tsufansa. Galibin masu ba da tarihinsa sukan kasa aikinsa kashi biyu, watau kiɗa, wanda suke ɗauka shi ne sana'ar, da wasan kwaikwayo, wanda suke gani ɗan taɓi ne kawai na bayan fage. Wannan rabo bai cika dacewa ba. Tun kafin McGhee ya taka dandamalin wasan kwaikwayo ya riga ya saba da fitowa a kamannin da masu biya suke bukata, kuma ɗorewar da ya yi fiye da shekara 50 a cikin sana'a ta rataya ne a kan yadda ya iya wannan fitowa ba tare da waƙarsa ta lalace ba.

Kiɗan buluz da salon Piedmont

Kafin a shiga tarihin mutumin, ya kamata a yi ɗan bayani a kan irin kiɗan da ya yi. Buluz, wanda ake rubutawa blues da Turanci, kiɗa ne na Baƙaƙen Amurka da ya tsiro a jihohin kudu wajen ƙarshen ƙarni na 19, bayan an soke bauta a 1865. Zubinsa da aka fi sani shi ne baiti mai ɗango uku. Mawaƙi yakan rera ɗango na farko, ya maimaita shi, sa'an nan ya kawo na uku wanda zai warware magana, ya kuma yi amsa-amo da na farkon. A ƙarshen kowane ɗango akan bar ɗan fili, kayan kiɗa ya amsa wa murya. Watau aikin da 'yan amshi ke yi wa makaɗan Hausa, a nan jita ce take yin sa, ko kuwa abin busa. Jigoginsa su ne na yau da kullum: rabuwa da masoyi, rashin kuɗi, tafiya, jirgin ƙasa, giya, gidan jingina. Mai karatu kada ya ɗauka duk kuka ne, domin akwai ba'a da habaici da zancen batsa a fakaice masu yawa a ciki, kuma da shi ake rawa.

Masana sun daɗe suna neman tushen wannan kiɗa a Afirka. Paul Oliver a 1970, da Gerhard Kubik a 1999, sun karkata ga cewa a ƙasashen Sudan na Afirka ta Yamma ya kamata a nema, inda mutum ɗaya kan rera waƙa yana kaɗa abu mai tsirkiya, ba a bakin teku inda taron ganguna ya fi ƙarfi ba. Kubik har ya kawo misali da kiɗan goge na Hausa. Wannan magana tana da daɗin ji ga Bahaushe, amma tana bukatar taka-tsantsan, domin kamannin da suke nufi sun fi fitowa a salon jihar Mississippi. Salon da McGhee ya bi wani ne dabam.

Shi ana kiransa salon Piedmont, da sunan yankin tuddai da ke tsakanin duwatsun Appalachia da gaɓar tekun Atlantika, daga jihar Virginia zuwa Georgia. Ƙasar taba ce da masaƙu. Makaɗin wannan salo yakan sa babban yatsansa ya riƙa kai da kawo a kan tsirkiyoyi masu kauri, yana riƙe da taki kamar hannun hagu na mai kaɗa piyano, sauran yatsu kuma suna tsinkar karin waƙa a kan tsirkiyoyi sirara. Amon da ke fita mai sauƙi ne, a tsabtace, mai sa ƙafa motsi. Jitar da ake amfani da ita kuwa ita ce wadda ba a haɗa ta da lantarki, wadda kogonta kaɗai ke ɗaga sauti. A nan za a riƙa kiranta jitar katako.

Ƙuruciya

An haifi McGhee ranar 30 ga Nuwamba, 1915, a birnin Knoxville na jihar Tennessee, ya tashi a garin Kingsport. Mahaifinsa lebura ne da ke taɓa kiɗan jita da waƙa. Yana ɗan shekara huɗu ko biyar ciwon shan inna ya kama shi, ya nakasa masa ƙafar dama. Ƙanensa Granville shi ke tura shi a cikin ɗan keken katako da sanda, har sandan nan ya zame wa ƙanen laƙabi, ana ce da shi Stick. Wani kawunsa ne ya fara yi masa abin kiɗa da gwangwanin alewa da ɓallin katako. Wanda ya san cewa da gwangwanin kifi ake yin kuntigi irin na marigayi Ɗanmaraya Jos ba zai yi mamakin wannan ba. Talauci iri ɗaya yakan koyar da dabara iri ɗaya.

Da yake ba shi da ƙafar guje-guje, sai ya duƙufa a kan jita da piyano, ya kuma yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. Wajen ƙarshen shekarun 1930 aka yi masa aiki a ƙafa, ya sami damar tafiya da kansa ko da yake yana ɗingishi. Daga nan ya shiga yawon duniya. Ya bi ayarin masu wasan tanti na Rabbit Foot Minstrels, ya yi kiɗa a bakin titi, da sansanin masu haƙar kwal, da wuraren shagali. Irin wannan ayari makaranta ce ta kwaikwayo, domin a dare ɗaya ana waƙa, ana rawa, ana barkwanci, kuma wanda bai iya riƙe hankalin taro ba ba ya cin abinci.

Yawo ya kai shi jihar Karolina ta Arewa, inda birnin Durham yake, cibiyar cinikin taba. A lokacin kaka, idan manoma suka kawo taba suka karɓi kuɗi, makaɗa sukan taru a bakin manyan rumbunan ciniki. Sarkinsu a wannan zamani shi ne Blind Boy Fuller, wanda ya yi waƙoƙi fiye da 120 a faifai tsakanin 1935 da 1940. Mai kula da harkarsa wani farar fata ne mai kanti, J. B. Long, wanda ke farauto wa kamfanonin faifai mawaƙa. Long ne ya kai McGhee Shikago a 1940 aka ɗauki muryarsa karo na farko, shi ne kuma ya liƙa masa laƙabin nan bayan rasuwar Fuller, ya sa shi ya yi waƙar ta'aziyya mai suna "Death of Blind Boy Fuller". Ta fuskar ciniki dabarar ta yi aiki. Ta fuskar fasaha kuwa ba ta zauna daidai ba, domin muryar Fuller mai kaushi ce, ta McGhee kuwa mai taushi ce, kalmominsa suna fita ɗaya bayan ɗaya tangaram. Wannan fitar kalma, wadda ta sa bai cika kama da Fuller ba, ita ce daga baya ta buɗe masa kunnuwan Turawa.

Ba laƙabi kaɗai ya gada daga Fuller ba, har da abokin aiki. Sonny Terry, wanda aka haifa a 1911, makaho ne mai busa hamonika, watau ɗan ƙaramin abin busan nan da ake gogawa a leɓe. Salonsa abin mamaki ne: yana busa yana sakin ihu a tsakanin numfashi, yana kwaikwayon kukan karnukan farauta da na jirgin ƙasa. Shi ke raka Fuller a fayafayensa na ƙarshe. Da Fuller ya kau sai Long ya haɗa shi da McGhee.

Niyok: kasuwa biyu a birni ɗaya

A 1942 su biyun suka koma birnin Niyok. A nan ne ainihin abin da wannan maƙala ke magana a kai ya fito fili, saboda McGhee ya tarar da masu sauraro iri biyu waɗanda ba sa haɗuwa, kowanne kuma da irin mawaƙin da yake so.

Iri na farko farar fata ne masu ilmi, galibi masu goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka taru a kewayen mawaƙa irin su Woody Guthrie da Pete Seeger da Lead Belly. Su abin da suke nema shi ne waƙar gargajiya, muryar talakan ƙauye wadda birni da kasuwa ba su gurɓata ba. A gabansu jitar katako ake so, da hamonika, da waƙoƙin aikin gona da na gidan kurkuku. Iri na biyu kuwa Baƙaƙe ne na unguwar Harlem, waɗanda suka yiwo ƙaura daga kudu. Tsakanin shekarun 1910 da 1970 Baƙaƙe wajen miliyan 6 ne suka bar jihohin kudu, suna gudun wariyar launin fata da wahalar gonar auduga. Mutumin da ya gudo daga gona ba ya biyan kuɗi ranar Asabar da dare don a tuna masa da gona. Abin da yake so shi ne kiɗan rawa na zamani, da piyano da ganga da ƙahon saksofon da jitar lantarki.

McGhee ya yi wa kowa abin da yake so. Ya yi wa Moses Asch, wanda ya kafa kamfanin Folkways, waƙoƙin jitar katako. A lokaci guda kuma ya riƙa yi wa kamfanonin da ke sayar wa Baƙaƙe faifai, musamman Savoy, waƙoƙi da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Waƙarsa "My Fault" ta shiga sahun gaba na cinikin fayafayen Baƙaƙe a 1948. A wannan shekara ya yi "Robbie-Doby Boogie", ta yabon Jackie Robinson da Larry Doby, Baƙaƙen da suka fara shiga manyan ƙungiyoyin wasan besbol a 1947. A 1949 shi ya kaɗa wa ƙanensa Stick jita a waƙar "Drinkin' Wine Spo-Dee-O-Dee", wadda ita ce ta fara kawo wa kamfanin Atlantic babban ciniki. Daɗin daɗawa, domin ya kauce wa ƙa'idar da ke ɗaure mawaƙi ga kamfani ɗaya, ya yi fayafai da sunayen aro da dama, kamar Spider Sam da Big Tom Collins da Blind Boy Williams. Ga makanta ta sake dawowa, amma wannan karo babu wani Long da ya ɗora masa ita. Har ila yau ya buɗe wata 'yar makaranta a Harlem mai suna Home of the Blues, inda yake koyar da jita.

Ba shi kaɗai ya shiga wannan hali ba. Lead Belly mutum ne mai son kwat da lakataye, amma an sha fito da shi gaban jama'a cikin kayan fursuna saboda ya taɓa zaman kurkuku. Big Bill Broonzy ya shekara da shekaru yana yin fayafai a Shikago tare da ƙungiyoyin makaɗan birni, amma a babban taron kiɗa na zauren Carnegie a 1938 aka gabatar da shi a matsayin manomi daga Arkansas. Abin lura a nan shi ne, abin da masu sauraro farar fata suke kira na asali sau da yawa shi ne wanda aka fi shiryawa. Mawaƙin da ya sa kwat ya riƙe jitar lantarki a Harlem yana nuna yadda yake rayuwa ne a lokacin. Sa'ad da ya tuɓe su ya zauna a kujera da jitar katako, a nan ne yake kwaikwayon wani mutum da ya bari a baya.

A kan dandamali

Terry ne ya riga shi shiga wasan kwaikwayo, domin ya fito a Finian's Rainbow a 1947. Shi McGhee damarsa ta zo ne a 1955. A ranar 24 ga Maris na wannan shekara aka buɗe wasan Cat on a Hot Tin Roof na Tennessee Williams a gidan wasa na Morosco da ke Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta Niyok, Elia Kazan kuma shi ne mai ba da umarni. Labarin iyalin wani attajiri ne farar fata, mai gandun auduga na eka 28,000 a Mississippi, wanda ciwon daji ke ci ana ɓoye masa, 'ya'yansa da surukansa suna ta ƙulle-ƙullen gado. Wasan ya ci kyautar Pulitzer, an kuma nuna shi sau 694 a wannan fitowa ta farko. McGhee da Terry suna cikin 'yan wasa, amma a matsayin barorin gandu, waɗanda aikinsu shi ne su cika fage su kuma ba da amon kudu.

Ana iya kallon wannan ta fuska biyu. A gefe guda, ga gwanaye biyu na kiɗan da aka ƙirƙira a irin wannan gandu, an ajiye su a gefe suna yi wa baƙin cikin mai gandu ado. A ɗaya gefen kuma, aikin ya ba su abin da kiɗan titi da na faifai ba su taɓa ba su ba, watau albashi tsayayye mako bayan mako, a daidai lokacin da sabon kiɗan samari na rok ya fara ture irin fayafayen da McGhee ke yi wa Savoy. Ya kuma koya masa horon dandamali: zuwa a kan lokaci, maimaita abu ɗaya kowane dare ba tare da ya yi lami ba, da aika murya har kujerar ƙarshe. Waɗanda suka kalli wasanninsa na shekarun 1960, waɗanda da dama an ɗauke su a majigi, za su ga alamar wannan horo a yadda yake gabatar da kowace waƙa da ɗan labari, yana auna inda zai dakata taro ya yi dariya.

Fitowarsa ta 1957 ta fi wannan ma'ana nesa ba kusa ba. Langston Hughes, babban marubucin waƙoƙi na Baƙaƙen Amurka, ya rubuta wasa mai waƙe-waƙe mai suna Simply Heavenly, wanda ya gina a kan labaransa na Simple, wani talakan Harlem mai yawan zance. Yawancin wasan a wata mashaya yake gudana. McGhee ya fito a matsayin Gitfiddle, makaɗin jita da duniya ta juya wa baya, mai shiga mashaya yana kiɗa don a jefa masa 'yan kwabbai, a zamanin da akwatin garmahon nan da ake saka wa kuɗi ya ƙwace masa masu sauraro. Bambancin wannan da wasan Williams a bayyane yake. A can buluz ƙawa ce ta bayan fage. A nan kuwa marubuci Baƙi ne yake tambayar jama'arsa abin da za su yi da kiɗan iyayensu yanzu da suka zama 'yan birni, ya kuma ɗora tambayar a kan mutumin da ita ce ainihin matsalar rayuwarsa. Wasan bai daɗe a Broadway ba, amma a cikin duk matsayin da McGhee ya fito a dandamali babu wanda ya kai wannan kusanci da gaskiyarsa.

Makaho da gurgu

Amsar tambayar Hughes daga wani wuri dabam ta zo. A 1958 makaɗin jaz na Ingila, Chris Barber, ya gayyaci Terry da McGhee su zaga ƙasar tare da ƙungiyarsa. Sun sami karɓuwa ƙwarai. Bayan 'yan watanni, a cikin wannan shekara, Muddy Waters ya zo daga Shikago da jitar lantarki, wasu daga cikin masu sauraro suka ji haushi, don a ganinsu wannan ba buluz na gaskiya ba ne. Darasin bai ɓace wa McGhee ba. Daga nan ya rungumi jitar katako da haɗin gwiwarsa da Terry, suka shiga zagayen jami'o'i da bukukuwan waƙoƙin gargajiya. Sun yi wasa a bikin Newport na farko a 1959, suna cikin ayarin farko na American Folk Blues Festival da ya zaga Turai a 1962, a watan Mayu na 1964 kuma gidan talabijin na Granada ya ɗauke su tare da Sister Rosetta Tharpe da Muddy Waters a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchesta, wadda aka yi wa ado da kayan ƙauye don ta yi kama da kudancin Amurka. Ko a wannan ma ana iya ganin yadda kiɗa da kwaikwayo suka cakuɗe: tasha ta Ingila, ado na Mississippi, mawaƙa kuwa mazauna manyan biranen Amurka.

Shigowarsu dandamali ita kanta wasa ce. McGhee na gaba yana ɗingishi da jita, Terry na biye da hannunsa a kafaɗar abokinsa. Labarin makaho da gurgu da suka haɗa ido da ƙafa sananne ne a ƙasashe da yawa, har da ƙasar Hausa, kuma taro yakan narke tun kafin a taɓa tsirkiya. Amma abin da ya riƙe su shekaru ba tausayi ba ne, dacewar kiɗa ce. McGhee ne ginshiƙi: takinsa ba ya gocewa, muryarsa a daidaice take, shi ne kuma mai tsara waƙa, irin su "Walk On" da "Sporting Life Blues" da "Living with the Blues". Terry kuwa shi ne wutar, yana kutsawa cikin kowane fili da ihu da busa. Ɗaya birni, ɗaya daji. Ga dubban ɗalibai a Amurka da Turai, waɗannan mutum biyu su ne ƙofar da suka fara shiga buluz ta cikinta. Ɗaya daga cikin almajiran McGhee, Happy Traum, ya fitar da littafin koyon salon jitarsa a 1971.

Wasu masu sharhi sun zarge su da cewa sun yi wa kiɗan kwaskwarima, sun rage masa ɗaci don ya shiga bakin baƙi, suna kuma maimaita waƙoƙi iri ɗaya a faifai bayan faifai. Zargin maimaici yana da ƙamshin gaskiya, domin fayafayen sun yi yawa, kuma ba duka ne suka cancanci a adana ba. Amma zargin kwaskwarima ya ginu ne a kan zaton cewa ainihin McGhee wani ɗan ƙauye ne mai kaushi wanda ya goge kansa don Turawa. Fayafayensa na 1940 sun ƙaryata haka. Tun a can a goge yake. In ma akwai abin da ya ɓoye wa sababbin masu sauraronsa, to, wayewarsa ce ta birni.

Abin da taro bai gani ba shi ne zumuncin ya daɗe da tsami. A cikin shekarun 1970 ta kai ga ba sa ga maciji da juna. Sukan hau dandamali ɗaya ba mai ce wa wani uffan, wani lokaci ma kowa ya yi nasa kashi na wasa shi kaɗai. Amma sunan nan na haɗin gwiwa shi ke kawo aiki, saboda haka suka ci gaba da fitowa a matsayin aminai. Ana iya cewa wannan ne matsayi mafi tsawo da McGhee ya taɓa kwaikwaya. Sun rabu a farkon shekarun 1980. A 1982 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta fara ba da lambar girmamawa ga gwanayen fasahar gargajiya, su biyun kuma suna cikin rukunin farko da suka samu. Terry ya rasu a watan Maris na 1986.

Tsohon makaɗi a majigi

Fitowar McGhee a sinima ta zo ne galibi a ƙarshen rayuwa. Shi da Terry sun sa hannu a kiɗan fim ɗin Buck and the Preacher na Sidney Poitier a 1972. A 1979 an gan su a The Jerk, fim na barkwanci inda Steve Martin ya fito a matsayin farar fata da ya tashi a gidan Baƙaƙen manoma a Mississippi bai san shi ba ɗansu ba ne. Suna zaune a barandar gidan katako suna waƙar tsinkar auduga. Hoton nan dai na kullum ne, sai dai a wannan karo fim ɗin da kansa yana yi wa hoton dariya.

Babban aikinsa shi ne Angel Heart na Alan Parker, wanda ya fito a 1987, tare da Mickey Rourke da Robert De Niro da Lisa Bonet. Labari ne mai ban tsoro da aka ajiye a 1955, na wani mai binciken sirri da aka ɗauka haya ya nemo wani mawaƙi da ya ɓace, bincike ya kai shi birnin New Orleans. McGhee, yana da shekara 71 lokacin da fim ɗin ya fito, shi ne Toots Sweet, makaɗin jita a wani gidan rawa, tsohon abokin aikin wanda ake nema, mai hannu kuma a cikin tsafin vudu. Yana da magana sosai a wannan matsayi, kuma ya nuna abin da ba a taɓa ba shi filin nunawa ba: fara'a a gaban taro, sa'an nan da an sauka daga dandamali fuska ta rufe, ga wayo, ga tsoro, ga faɗa da aska. Mutumin da ya shekara 40 yana murmushi ga masu sauraro iri-iri ya san tazarar da ke tsakanin fuskar dandamali da ta bayan labule, kuma wannan tazara ce ya kwaikwaya. Gaskiya ne fim ɗin ya jingina da tsohon camfin nan mai haɗa buluz da Shaiɗan, camfin da bai dace da mutum mai lissafi irin McGhee ba, kuma ba a bar Toots Sweet ya kai ƙarshen labari da rai ba. Duk da haka 'yan mintocin da ya samu sun isa a gane cewa da an ba shi irin wannan dama tun yana da ƙarfi, da tarihinsa a sinima ya fi haka tsawo.

A 1988 ya fito a wani kashi na wasan talabijin mai suna Family Ties, a matsayin Eddie Dupre, tsohon mawaƙin buluz da aka manta da shi har wani saurayi farar fata ya tono shi. Labari ne da ya faru da gaske ga mawaƙa irin su Son House da Mississippi John Hurt, waɗanda samari masu tara tsofaffin fayafai suka nemo a 1963 da 1964 bayan sun shekara da yawa ba a jin ɗuriyarsu. Shi McGhee bai taɓa ɓacewa ba balle a tono shi, domin tun 1940 bai bar fage ba.

Ya ƙare rayuwarsa a birnin Oakland na jihar Kalifoniya, inda ya daɗe da zama. Ɗaya daga cikin wasanninsa na ƙarshe shi ne na bikin buluz na Shikago a 1995, a birnin da aka fara ɗaukar muryarsa shekara 55 kafin nan. Ya rasu ranar 16 ga Fabrairu, 1996, sakamakon ciwon daji na ciki, yana da shekara 80. A 2017 Guy Davis, ɗan shahararrun 'yan wasan nan Ossie Davis da Ruby Dee, wanda shi ma makaɗin jitar katako ne kuma ɗan wasan kwaikwayo, ya haɗu da wani mai busa hamonika ɗan Italiya, Fabrizio Poggi, suka fitar da faifai mai suna Sonny & Brownie's Last Train, inda suka sake rera waƙoƙin mutanen biyu. Faifan ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don takarar kyautar Grammy.